Jar Motar Kawu a Gwandu

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da yayana, a cikin jif ɗin da ya sayo ta hannu kwanakin baya. Gwandu muka nufa wurin Kawu, yayan mahaifiyarmu, amma sai da muka fara biyawa Kalgo don ɗaukar wani tsohon bakanike, abokin Kawu tun suna samari.

Abin da ya tayar da mu mota ce. Kawu yana da wata jar mota ta tsere, mai ƙofa biyu, gajera har kusan cikinta na taɓa ƙasa. Ya saye ta lokacin yana aiki a kudu, ya dawo da ita gida da ya yi ritaya. Shekaru ke nan tana tsaye a tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol. 'Ya'yansa suna son wurin don su yi ɗaki, masu sayen gwangwan kuma sun yi ta zarya suna cewa za su saya a kan sikeli. Kawu ya ce ba zai yanke magana ba sai ya sake jin kukan injinta ko da sau ɗaya ne.

A Kalgo mun tarar da bakaniken ya riga ya fito bakin titi da jakar sifanoni da tsohon batir. Muka tsaya muka sha koko da ƙosai a wurin wata mata kusa da tasha. Ƙosan ya yi daɗi, sai dai ya ƙanƙance, har yayana ya ce shi ma tsadar mai ta taɓa shi. Da bakaniken ya zo shiga mota sai ya tsaya yana duban tambarin da ke goshinta, ya shafa da babban yatsa.

"Wanga tambari ai irin na jar motar Alhaji ne," in ji shi, yana nufin Kawu.

Gaskiya ya faɗa. Kamfani ɗaya ne ya ƙera su. A hanya yayana ya yi mana bayanin abin da ya sani: masu ƙera motocin tsere sun ga masu sayen 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu ba su da yawa, sai suka koma ƙera manya masu tudu, masu ɗaukar iyali da kaya, wasu ma yanzu da lantarki suke tafiya, ba ka jin motsinsu. Bakaniken ya ce shi da kunne ya koyi aiki. Da can in mota ta shigo garejinsa, kafin mai ita ya buɗe baki ya san ciwonta. Yanzu sai an jona mata na'ura ta faɗi da kanta. Ya ce shi ma ya sayi na'urar bara, yana lallaɓawa da tabarau, don ba ya son ya zama mai gadin gareji.

Hanyar wani wuri sumul, wani wuri sai a hankali. Kaka ta kama, gero ya sunkuyar da kai, fadamu cike da shinkafa, babura ɗauke da buhuna suna ta wuce mu. A Kambaza muka tsaya muka sayi fura da nono a wurin wasu matan Fulani. Bakaniken ya zuba sukari har sai da mai nonon ta yi dariya.

Mun isa Gwandu da hantsi. Kawu yana zaune a zaure kan kujerar roba, sanda a jingine da gwiwarsa. Ya rame fiye da yadda na bar shi. Bayan gaisuwa ya leƙa waje ya ga jif ɗin, yayana kuma ya yi saurin nuna masa tambarin cikin alfahari. Kawu ya taɓe baki.

"Wagga ba mota ba ce, ɗaki ne anka sa wa taya. Suna kawai sunka liƙa mata."

Yayana bai ji daɗi ba.

Muka yaye tamfol. Jan fentin ya dusashe, tayoyi sun kwanta, kaza ta yi ƙwai a bayan kujera. Duk da haka, wallahi, motar tana da kwarjini. Bakaniken ya tuɓe riga ya shiga aiki. Ya zubar da tsohon mai, ya kwance kafireto ya wanke, ya goge fulogi, aka kira mai faci ya yi wa tayoyi iska. Ni aikina miƙa sifana da riƙe waya. Har aka kira azahar motar ba ta ce uffan ba. Muka yi salla, muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka, muka koma. Sau uku tana tari tana mutuwa. A na huɗu ta kama.

Ban taɓa jin irin wannan kukan ba. Ba ƙara ba ce mai ban haushi, wani gurnani ne da kake ji a ƙirjinka. Matan gida suka fito, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kawu ya miƙe ba tare da sandarsa ba, ya tako har bakin ƙofar direba, ya kama rufin da hannu ɗaya zai shiga.

Gwiwa ta ƙi. Ya gwada ta wani gefen, nan ma ta ƙi. Kujerar tana can ƙasa, shi kuma ƙugunsa ba ya lanƙwasuwa. Na kawar da kai don kada ya ga na gani.

Shi ne ya fara magana. "Ku taho ku kama ni, mi kuke kallo?"

Ni da yayana muka tallabe shi muka zaunar da shi a kujerar gefe, bakaniken ya ja. Muka bi su a ƙafa har kan titi. Ba su yi nisa ba suka tarar da tudun nan da ake yi don rage gudu, cikin motar ya gurzu da ƙarfi har na ji a haƙorana. Suka juyo. Fitar da Kawu ta fi shigar da shi wuya.

Da la'asar ya ce yana son ganin gonarsa ta wajen Masama, damina biyu ke nan bai taka ta ba, babur kuma ya fi ƙarfinsa. Yayana ya buɗe ƙofar jif, Kawu ya juya baya ya zauna, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, shi kaɗai. Muka bi hanyar burji mai ramuka da yashi, motar ta haye su duka. A wani miƙaƙƙen wuri ya ce wa yayana ya ɗan taka. Yayana ya taka. Kawu ya karkatar da kunne yana saurare.

A gonar ya daɗe tsaye yana murza zangarniyar gero a tafin hannunsa. Sai da muka kama hanyar dawowa ya ce, "Ashe masu ƙera wagga mota ba su yar da mu ba. Sun ga mun tsufa ne, sai sunka ɗaga muna kujera."

Kafin magariba ya tara 'ya'yansa ya yanke magana. Ba za a sayar wa masu gwangwan ba. Motar za ta koma garejin abokinsa a Kalgo, a ajiye ta a inuwa, da sharaɗin a riƙa tayar da ita duk Juma'a. Wurin kuma su yi ɗakinsu. Ya ciro makullin daga aljihu ya ba bakaniken, wanda ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi amanar ɗa.

Washegari muka sauke bakaniken a Kalgo, ya ce zai koma da babbar mota ya ɗauko ta, don ba zai yarda cikinta ya sake gurzuwa ba. Muka iso gida kafin azahar.

Na tafi Gwandu ina ganin duk wanda ya sauya sana'arsa don kasuwa ya sayar da asalinsa ne. Na dawo ba ni da wannan tabbacin. Da kamfanin ya nace sai gajeriyar mota kaɗai, da yanzu wataƙila sai labari. Da bakaniken ya ƙi koyon na'ura, da garejinsa ya zama wurin hira. Amma kuma na ji kukan jar motar nan da kunnena, kuma na san akwai abin da ba zai dawo ba. Kawu ya fi mu sanin haka, shi ya sa bai yarda a ɗora ta a sikeli ba.