Kawu Belmiro da Rigar Robar da Ya Sa Gaba a Baya

A garinmu idan ka ce Belmiro kafinta, sai mutum ya tsaya yana susar kai. Amma ka ce mai zif a gaba, kowa zai nuna maka ƙofar shagonsa. Shekara arba'in da biyar bawan Allahn nan yana aiki da hannunsa, bai taɓa mayar wa kowa kaya a karkace ba. Duk da haka abin da aka riƙe masa shi ne wata safiyar Asabar da ya gangaro bakin teku, a gaban mutum kusan ɗari uku masu makoki, sanye da baƙar rigar roba irin ta masu hawan igiyar ruwa, ya juya gabanta baya. Zif ɗin da ake zugewa a gadon baya ga shi a kan tumbinsa, ya hau rabi ya ce ba inda za shi. Facin da aka yi domin gwiwa ya koma bayan ƙafa, sai takawa yake kamar an ɗaure masa sanduna.

Yadda aka yi har ya kai ga shiga rigar, wannan sai an koma baya kaɗan.

Belmiro ɗan masunta ne, jikan masunta, amma bai iya iyo ba. Wannan ba abin kunya ba ne a gidajen masuntan da, don ubansa ma bai iya ba. Abin kunyar shi ne ko jirgin ma ba ya iya hawa. Sau ɗaya aka fita da shi yana ɗan shekara sha biyu, tun ba a bar tasha ba ya juye karin kumallonsa kaf a kan ragar kamun kifi. Uban ya dawo da shi tudu, ya danƙa shi hannun mai sassaƙa jirage, ya ce a koya masa abin da ake yi a tsaye a kan ƙasa.

Ya kuwa koya. Da jiragen katako suka fara ƙarewa, sai ga samari sun cika bakin teku da dogayen alluna, suna tsayawa a kai igiyar ruwa tana gudu da su. Wata rana wani baƙo ya shigo da allonsa a tsage. Belmiro ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Wannan ai jirgi ne da ba a ƙarasa ba." Ya like shi, ya goge da samfefa, ya fito kamar sabo. Tun daga nan duk allon da ya karye a gaɓar nan shagonsa yake kwana. Yakan shafa tsagar da tafin hannu ya faɗa maka dutsen da ka daka da irin wautar da ta kai ka. Matarsa Dona Graciete, mai sayar da gahawa da gasasshen kifi a jikin shagon, takan ce, "Mijina ya san teku kamar yadda fadan cocinmu ya san aure. Daga nesa, ga yawan ba da shawara."

Gaspar ɗan Idalina ne, wadda ke aiki a kamfanin sa kifi a gwangwani. Allonsa na farko rabi ne da ya tsinto a bola, Belmiro ya ƙarasa masa. Ya tashi dogo siriri, dariyarsa ana jin ta daga kan tudu, kuma bai taɓa shiga shagon ya fita ba tare da tambaya ɗaya ba.

"Kawu, yaushe za ka hau?"

"Ranar da teku ya daskare."

Wata rana, yana ɗan sha tara, ya canja tambayar. "To idan na ci gasar ƙasa fa?"

"Kai? Da ƙafafun nan naka kamar na zalɓe?" Belmiro ya yi dariya har da buga benci. "In ka ci, zan hau allo in bi ka har can bayan inda igiya ke fashewa."

Ya faɗa ne don yaron ya ƙyale shi ya yi aiki. Kuskurensa ɗaya, Custódio yana zaune a bakin ƙofa. Custódio tsohon masunci ne, abokinsa tun na yarinta, wanda bai taɓa manta wata magana da za ta iya kunyata Belmiro ba.

"Na ji," in ji Custódio. "Graciete, kin ji?"

"Har kifin da ke kan wuta ya ji," ta amsa daga rumfarta.

Bayan shekara uku Gaspar ya ci. A kan allon da ya karye biyu mako guda kafin gasar ya ci, wanda Belmiro ya haɗa ya ja masa jan layi a kan tabon. Da ya dawo gari aka ɗauko shi a kafaɗa tun daga tashar mota. Bai je gida ba, shagon ya fara zuwa, kofi a hannun dama, ƙunshi a hagu. Belmiro ya kwance ƙunshin ya ga baƙar rigar roba, mafi girman da ake sayarwa.

"Zif ɗinta a baya yake, Kawu," in ji Gaspar. "Hannunka ba zai kai ba. Ni zan zuge maka da kaina."

Belmiro ya rataye rigar a ƙusa ya shiga neman uzuri. A watan goma ya ce ruwa ya yi sanyi. Lokacin Kirsimeti gwiwa ta tashi. Da azumin Ista ya zo ya ce bai dace dattijo ya yi wasa a kwanakin tuba ba, shi da rabonsa da coci tun bikin 'yarsa. Gaspar ya ce, "Shi ke nan. Zan yi tafiya mako biyar. Ina dawowa sai ruwa, ko da a baro zan tura ka."

Tafiyar ta wasu tsibirai ce masu nisa a ƙasashen zafi, inda igiya ke da tsawo, ruwa kuma kamar an ɗuma. Ya dawo a watan biyar, rana ta ƙona shi, bakinsa cike da labari. Bayan kwana goma zazzaɓi ya kama shi. Kowa ya ce mura ce. A nan sauro ba ya wuce ya dame ka da kuka a kunne lokacin zafi, ba wanda ya kawo shi a ransa. Idalina ta dafa masa romon kaza, ta haɗa masa shayi da lemon tsami da zuma. Kafin a kai shi asibiti a tambayi inda ya je, zazzaɓin cizon sauro ya riga ya hau masa kai. Kwana huɗu ya yi. Shekararsa ashirin da uku.

An yi masa addu'a a coci, an kai shi makwancinsa. Amma masu hawan igiya suna da nasu bankwanan. Sukan kwanta a kan allunansu su tuƙa da hannu har bayan inda igiya ke fashewa, kowa da fure a baki. A can sai su zauna su yi da'ira, su riƙe hannun juna, a sa allon mamacin a tsakiya. Aka sa ranar Asabar. Leonor, wadda suka tashi suna hawa tare da Gaspar, ta zo shagon ta karɓi allon mai jan layi. Ba ta ko kalli rigar da ke rataye ba. Belmiro ma bai kalli wajen ba, amma ranar sai da ya goge allo guda sau uku.

Da safiyar Asabar Graciete ta same shi tsaye gaban ƙusar.

"Belmiro, yaron nan ba zai riƙe ka da wannan ba."

"Shi ba zai riƙe ni ba," ya ce. "Custódio zai riƙe ni."

Ta san ba Custódio ba ne. Ta ce bari ta taimaka masa, ya ce a'a, ta je ta tsaya kusa da Idalina. Ya kulle ƙofa. Minti arba'in ya yi yana kokawa da rigar, har sai da ya shafa man zaitun ɗin suyar kifi a ƙwaurinsa.

Da ya bayyana a bakin teku, kowa ya juyo yana kallonsa. Samari suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ba wanda ke so a ce shi ya fara dariya a wurin makoki. Leonor ta matso a hankali.

"Kawu, rigar nan..."

"Na sani, ta matse ni. Mu je kafin in canja shawara."

Sai kawai ta miƙa masa furanni. Ya ga kowa ya ciza nasa a baki. Shi kuwa haƙoran sama ba nasa ba ne, kuma ba ya son ya bar wa teku su. Sai ya cusa furannin a bakin zif ɗin da ya ƙi rufuwa. Wasu suka ga wuri ya samu, suka ƙara masa nasu. Kafin a kai shi ruwa ya koma kamar tukunyar furen da ake ajiyewa a taga.

Aka kwantar da shi rub da ciki a kan allo mafi faɗi a garin, aka ɗaura igiyar allon a idon sawunsa. Leonor tana ja ta gaba, wani saurayi yana turawa ta baya. Custódio na biye a kwale-kwalensa da doguwar ƙugiyar ɗago kifi.

"Kada ka ji tsoro, Belmiro! In ka faɗa zan kamo ka ta wuya!"

"Allah ya sa kai ka fara faɗawa!"

Igiyar farko ta mare shi a fuska, ruwan sanyi ya bi ta buɗaɗɗen zif ya zagaye shi har ƙafa. Ya rufe ido, ya ƙanƙame allon da shi da kansa ya gyara bara, yana tuno kowane wurin da ya like, yana roƙon Allah ya sa bai yi ha'inci ba. Can sai ya ji dukan ruwan ya daina. Ya buɗe ido. Ruwa na ɗagawa yana sauka a hankali kamar ƙirjin mai barci. Ya waiwaya, karo na farko a rayuwarsa ya ga garinsu daga teku: fararen gidaje, hasumiyar coci, da rufin shagonsa da ashe ya karkace.

Mutum tamanin suka yi da'ira. Shi bai iya zama ba, a kwance aka riƙe masa hannu. Aka sa allon Gaspar a tsakiya, masu magana suka yi. Da aka zo kansa ya ɗaga haɓa ya ce, "Gaspar, ga ni na zo. Ka ce min ruwan ba sanyi a watan biyar. Ƙarya ka yi min." Aka jefa furanni, aka shiga watsa ruwa sama da hannu bibbiyu ana kiran sunan yaron, har na kan tudu suka amsa.

A hanyar dawowa abin ya faru. Leonor ta juya masa kan allo wajen gaɓa, ta sake shi na ɗan lokaci don ta jawo allon Gaspar. Sai ga igiya. Ba wata babba ba ce, ko da yake a bakin Belmiro kowace shekara tana ƙara tsawo. Ta ɗaga shi ta yi gaba da shi. Ya tafi a guje rub da ciki, yana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya, ragowar furanni na tashi daga ƙirjinsa, Custódio na ihu a baya, "Birki, Belmiro, birki!" Bai faɗi ba. Allon ya haye yashi ya tsaya cak a gaban Idalina, wadda ke tsaye cikin baƙaƙen kaya, kwana tara ba wanda ya ji muryarta.

Ya ɗago kai, gashin baki duk yashi. "Idalina, na tsaya ne ko har yanzu tafiya nake?"

Ta dube shi, ta dubi zif ɗin. Sai dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta zauna a kan yashi, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya. Daga nan duk bakin tekun ya ɗauka, har fada sai da ya cire tabarau yana share ido.

"Da Gaspar ya gan ka," ta ce, tana riƙe da kansa, "da ya gan ka, Belmiro!"

Bai sake shiga ruwa ba, ya ce alƙawarin sau ɗaya ne. Allon mai jan layi yana saman ƙofar shagon. Yanzu duk wanda ya kawo gyara ya ce ƙasashen zafi za shi, ba ya karɓar allonsa sai ya nuna wa Belmiro maganin zazzaɓi da gidan sauro, ya kuma maimaita sau biyu cewa in ya dawo jikinsa ya yi ɗumi, asibiti zai nufa ya faɗi inda ya je. Samari suna gunaguni, amma suna nunawa. Kowane watan biyar kuma ana fita da'irar Gaspar, kuma ba a rasa mutum goma da ke sa rigarsu gaba a baya da gangan.

Kwanan baya ana zaune a rumfar Graciete, Custódio ya sake tayar da zancen a gaban baƙi.

"Ku tambaye shi. Shekara talatin yana kallon yara suna sa rigar nan a ƙofar shagonsa, amma bai san inda gabanta yake ba!"

Belmiro ya kurɓi gahawarsa, ya ajiye kofin.

"Wa ya ce ban sani ba? Na sani sarai. Wanda ya ce zai zuge min ta baya ne ya yi tafiyarsa, ni kuma ban ga wanda zan ba aikinsa ba. Kai kuwa, Custódio, ko gaba ko baya, cikinka ba zai shiga ba."