Kawu Bunu da Hular Kwanona

Ku da kuka san Kawu Bunu baduku na Ƙofar Rini, kun san ba ya amsa gaisuwa sai ya fara duban takalminka. "Wagga akuya ta mutu a banza," in ji shi, sannan ya ce lafiya lau.

Matasan zama na fata yake yi, amma ba irin na kowa ba. Labarin zuwan Turawa yake zanawa a kai: gefe guda sirdi da mashi da allo, ɗaya gefen hular kwano da gajeren wando da takalma, a tsaye ƙiƙam, ba kowa ciki. Da liman ya yi masa maganar zana mai rai, sai ya miƙa masa matashin. "Allah gafarta Malam, nuna min ran."

Lokacin na fara aikin akawu, ina ji da kaina, har hular kwano na saya. Ran nan Kawu ya ce, "Akawu, zo in zana ka." Kai jama'a! Na sa wa takalmi mai, na tsaya cikin ranar Sakkwato na ƙame, gwiwoyi waje kamar na zalɓe. Na gaya wa duk abokaina. Da ya gama muka zo gani: ga hula, ga wando, ga takalma.

"Kawu, ina nake?"

"Ni ma na duba, ban gane ka ciki ba."

Sai wata matar Bature ta zo saye, ni ne tafinta. Ta tambayi ma'anar zanen. Kawu ya zuba bayani tun daga kakansa da ya ga shigowar Turawa gari. Na buɗe baki, wallahi Turancin ya gudu! Abin da ya fito kawai shi ne in ce ta zauna. Ta ko zauna daram a kan hular kwanon da ke zane a matashin. Kawu ya gyaɗa kai. "Ashe karatun nan naka na da amfani."

Ranar samun 'yancin kai na cakare da babbar riga, na je ina huci. "Kawu, sun tafi! Sai ka canja zane."

"Na canja tun jiya." Ya jawo sabo: babbar riga da hula, a kan kujera, ba kowa ciki.

"Su wa ke nan?"

"Ku na. Ku shiga mu gani."

Ya yi dariya har da tari, ni kuwa na yi fushi na kwana biyu ban leƙo ba. Shi ya biyo ni gida da sandarsa, wai rumfa ta yi shiru ba wanda zai zolaya. Damina biyu bayan nan muka kai shi makwanci.

Allah Ya jiƙan Kawu Bunu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Mu kuma Ya sa mu cika da kyau. Amin.