Ragon Layya a Ramin Ayaba

Shekara biyu maigidana ya yi a jirgin ruwa na dakon kaya, ya zaga duniya, amma da ya dawo Jidda ba labarin da ya kawo mana sai na ayaba. Wai sun tsaya gyaran jirgi a wasu tsibirai da ake kira Hawai. Shi ke nan fa, muka shiga uku.

Ni ayaba ɗaya na sani, wadda ake sayarwa a kasuwar unguwar Balad, ka ɓare ka cinye, halas, an gama. Shi kuwa ya ce can akwai ja, akwai wadda ba ta ciwuwa sai an gasa, akwai ma wadda ke ɗaukar 'ya'yanta a cikin kututture kamar mace mai ciki. Masunta ba sa shiga kwalekwale da ita, wai tana korar sa'a. A zamanin da kuma, in ji shi, iri biyu ko uku kaɗai aka yarje wa mata su ci.

Na ce, "To Alhamdulillahi da aka haife ni a Sudan."

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai ba ki ji komai ba. Ganyen da kututturen su ne tukunyarsu. Bana da su zan dafa ragon layya."

Wannan ne ragonmu na farko tun da muka yi aure, kuma na riga na cika baki a unguwa cewa bana kowa zai ci suyata. Layya in ba suya, me sunanta? Na yi magiya, na yi fushi, har kwana biyu ban yi masa shayi ba. Mutumin nan ko a jikinsa.

Ana gobe Salla sai ga shi da kututturen ayaba biyu da damin ganye, ya roƙo a wurin wani direba mai kawo kayan lambu daga wadi, wato kwarin da ake noma. Ya haƙa rami a filin bayan gida. Dutsen Balad ya ce marmashewa yake a wuta, don haka baƙaƙen duwatsu ya ɗebo daga bayan gari. Da aka sauko idi aka yanka rago, ya gasa duwatsun har suka yi ja, ya daddake kututturen ya shimfiɗa a kai, ruwansa na ta cuwwa.

Yana can yana fama da hayaƙi na faki idonsa na sunkuce cinya guda, na shige ciki na hau suya. Rigakafi ai ya fi magani. Ta taga na hango shi ya jera naman, ya lulluɓe da ganye da jiƙaƙƙen buhu, ya mayar da ƙasa. Wallahi sai da na yi ƙwalla, na ce yau na ga jana'izar rago.

Har la'asar maƙwabta na aiko yara da kwanuka, ina cewa su dawo. Wani dattijo Balarabe, Bahadarme, da ke gidan kusa ya zo ya tsuguna bakin ramin, ya ce su ma suna gashin rami, amma da ayaba? "Yalla, buɗe mu gani."

Da maigida ya yaye ganyen, ƙamshin sai da ya fito da matan layin gaba ɗaya. Nama na zamewa daga ƙashi, ko wuƙa ba a nema ba. Na ɗanɗana don in samu abin kushewa, na rasa, na ƙara loma. Kafin magariba ko romo bai rage ba.

Sai dattijon ya dubi ƙasusuwan ya ce, "Ya shaihu, ragon naka da ƙafa uku ya zo?"

Kunya ta rufe ni. Na shiga na fito da soyayyiyar cinyar, aka yi ta dariya, ba wanda ya taɓa ta. Maigida ya karɓi kwanon ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Zuba min a gwangwani, Hajiya. Na rami ba ya kwana, naki kuwa zai kai ni wata biyu a teku."

A haka na ji cewa jibi jirginsu zai tashi.