Abdulsalami da Sandar Pascal

Abdulsalami ɗan Damagaram ne, daga unguwar Birni. Ya zo birnin Lyon na Faransa a shekarar 2003 don karatun aikin jarida, muka zauna bene ɗaya a unguwar Minguettes, shi a hawa na tara, ni a na bakwai. Ranakun mako yana jami'a, Asabar da Lahadi yana ɗaukar kwali a wani babban sito a Vénissieux. Siriri ne, mai yawan shiru, sai dai in an taɓo zancen kiɗa, to ranar sai ka roƙe shi ya yi haƙuri.

Kiɗan da ya kama shi ba namu ba ne. Wasu Turawa biyar ne 'yan Lyon, suna kiran kansu Quai Treize. Ba sa buga waƙa yau yadda suka buga ta jiya. Su ɗauko kiɗa ɗaya su ja shi minti arba'in, kowa yana zuba abin da ya zo masa a hannu. Masoyansu na bin su gari-gari, suna naɗar kowane wasa, suna musayar faifai tsakaninsu. Na taɓa ce masa, “Malam, wannan kiɗan ai ba kai ba gindi.” Ya ce, “Ba ka taɓa zama gaban mai gurmi ba? Haka yake, lantarki kawai aka sa masa.”

Da jini ya fara saninsu. A watan Yulin 2004 wani abokin aikinsa ya ja shi wasan da suka yi a wani fili bakin kogi, bayan la'asar. Yana tsaye kusa da dandamali sai wasu ƙarti uku masu askin kwal-kwabo, irin masu ƙin baƙar fata, suka kewaye shi. Ɗaya ya juye masa giya a kai. Da ya ɗaga hannu zai goge ido, na biyu ya fasa masa kwalba a baki. Ya faɗi, suka bi shi da takalma, suna neman haƙarƙari da fuska. Ya ce mini abin da ya fi tunawa shi ne yadda haƙoransa biyu ke yawo a kan harshensa.

Sai kiɗa ya tsaya cak. Pascal, mai gitar, wanda shi ne jagoran makaɗan, ya nuna wurin da yatsa ya ce ta lasifika, “Ba mu ƙara buga komai sai an fitar da waɗancan.” Jama'a suka rufar wa ƙartin. Abdulsalami, daga kwance, ya ga ana jan ɗayansu ta ƙafa, ƙeyarsa na bugun ƙasa. Bayan wasa Pascal ya sauko da kansa, ya cire tawul daga wuyansa ya danna masa a baki.

Daga ranar ya zama nasu. Shekara takwas yana bin su, Grenoble, Dijon, Marseille, a motocin mutanen da bai san sunan iyayensu ba, da 'yar rikoda a aljihun riga. Yayarsa Balkisa, wadda ke aikin jinya tana zaune a Rillieux, takan ce, “Kai dai ka auri kiɗan nan mu huta.”

A 2009 ya sami aiki a Paris, a wata mujallar wasan golf, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda daga rami zuwa rami. Bai taɓa riƙe sandar wasan ba, kuma shugabar mujallar, Odile, ta ce hakan ba komai. “Ba ruwan mai karatu da wanda ya ci,” in ji ta. “So yake ya san wane ɗan fim ya zo, da wa ya zo, wane agogo ya ɗaura.” Ya kama ɗaki kusa da Porte de la Chapelle, ya shekara uku yana rubutu kan hulunan mawaƙa da takalman 'yan ƙwallon da suka yi ritaya.

A watan Satumbar 2012 aka shirya gasar shahararrun mutane a wani filin golf yamma da Paris. Lokacin Quai Treize sun yi suna, har an gayyaci Pascal. Abdulsalami ya roƙi Odile ta ba shi aikin bin sa, ta yarda.

Mai ɗaukar wa Pascal jakar sanduna wani dattijo ne ɗan Cadi, Umar Faruk, mai furfura a gemu. Da ya ji Abdulsalami ya amsa waya da Hausa, sai ya washe baki. “Kai ɗan Nijar ne? Sannu, ɗana, ina gajiya?” Suka gaisa a tsaitsaye, suka ci gaba da tafiya kan ciyawa.

Pascal bai gane shi ba, Abdulsalami kuwa bai tuna masa ba. Tun safe mutumin yake kurɓa daga wata ƙaramar kwalba. A rami na goma sha huɗu ya buga ƙwallo ta faɗa tafki. Ya sake, ta sake faɗawa. Wani ɗan fim da ke wasa tare da shi ya tuntsire da dariya. Pascal ya juya kan dattijon.

“Kai ka ba ni sandar da ba ita ba.”

Umar Faruk ya ce a hankali, “Monsieur, kai ka zaɓe ta.”

Bai rufe baki ba Pascal ya kai masa sandar ƙarfen a gefen fuska. Ƙarar ta yi kamar an fasa ƙwarya. Dattijon ya durƙusa, jakar ta zube, jini na fita ta ido da kunne. Pascal ya ƙara masa a kafaɗa. Da ya ɗaga karo na uku, Abdulsalami ya riga ya faɗa tsakaninsu, ya tare da hannun dama. Ƙashin ya karye gida biyu, har ɗaya ya huda fata. Masu gadi suka zo da gudu, amma Pascal suka fara janyewa, suka lulluɓe shi da riga suka sa a mota. Abdulsalami ya rungume kan dattijon da hannu ɗaya yana kiran sunan Allah, har motar likita ta iso.

Rikodar tana kunne a aljihunsa tun ramin farko. Ta ɗauki komai.

Da aka sallame shi ya je ofis da hannu a ɗaure. Odile ta saurari rabin naɗin, ta kashe. “Pascal ne a bangon mujallar wata mai zuwa,” ta ce. “Ka rubuta cewa an sami hatsari.”

“Madame, ido aka fasa wa mutum.”

“To ka kai wa wata jaridar. Amma ba daga teburin nan ba.”

Wurin 'yan sanda ya kai. Kafin wata ya ƙare ya rasa aikin, ya dawo Minguettes, ya zauna wurina. Masoyan makaɗan suka sami labari, suka cika intanet da hotonsa, suna kiransa maci amana. Sai na ga yana karantawa, yana gane sunayen masu rubutun ɗaya bayan ɗaya.

A watan Maris na 2013 makaɗan suka zo wasa Lyon. Na hana shi, Balkisa ta hana shi. Ya ce, “Huɗun ba su yi mini komai ba. Kiɗan ma bai yi mini komai ba.” Ya tafi tun da rana ya shiga layi. Wata mai suna Nathalie, wadda suka sha raba burodi da ita a hanya, ita ta fara ganinsa. Ta zo ta tofa masa miyau a fuska. Sai maza suka taso, su shida ko bakwai. Suka haɗa kansa da shingen ƙarfe, suka kayar da shi, wani ya nemi hannun da aka yi wa aiki ya taka da dunduniya. Layin bai motsa ba, don kowa na tsoron rasa wurinsa. Wani direban tram, jirgin ƙasan cikin gari, ne ya kira 'yan sanda.

Balkisa ta yi jinyarsa wata biyu a gidanta. Karayar haƙarƙari uku, da hannun da har yau yatsunsa ba sa dunƙulewa. Ba ta yi masa faɗa ba ko sau ɗaya, kuma ya ce wannan ya fi dukan zafi.

A 2015 kotu ta yanke wa Pascal ɗaurin shekara ɗaya na jeka-ka-gyara-halinka. Bai kwana gidan kaso ba. Umar Faruk ya koma N'Djamena da ido ɗaya. Abdulsalami ya koyi rubutu da hagu, ya sami aiki a wani ƙaramin gidan rediyon unguwa, yana ba da labarin ƙwallon ƙafa na ƙananan ƙungiyoyi. Ya yi aure a 2017.

Ranar sunan 'yarsa, muna zaune ana rabon dabino, wayarsa ta yi ƙara. Dattijon ne daga N'Djamena. Ya sa a lasifika don mu ji. Bayan doguwar gaisuwa Umar Faruk ya tambayi sunan jaririya.

“Husainatu, Baba.”

“Tagwaye ne?”

“A'a, sunan mahaifiyata ne.”

“To, Allah ya raya ta. Ka kawo mini ita in gani tun ɗayan idon na aiki.”

Abdulsalami ya ce in Allah ya yarda, da hutun ƙarshen shekara.