Ku Riƙa Rage wa Manaja Abinci

In kun taɓa bi ta layinmu da taya a sace, to kun san Kawu Mai Faci. Shi ne dattijon nan da ke zaune a rumfa tsakanin shagon mai wanki da guga da kantin magani, da bahon baƙin ruwa a gabansa, yana tsoma tiyub yana jiran kumfa. Tun kafin a zuba wa layin kwalta yake wurin. Wasu ma sun ce shi aka fara ajiyewa, daga baya aka jawo titin ya bi ta gabansa.

Kawu mutum ne mai tattali. Ban ce rowa ba, kar a je a ce na ce. Amma akwai tiyub a rumfar nan da faci ya fi roba yawa a jikinsa, kuma har yanzu Kawu na cewa da sauransa. 'Ya'yansa duk sun girma sun watse, gida ya rage daga shi sai matarsa Inna. Sai kuma Manaja.

Manaja kare ne. A cikin wata tsohuwar tayar babbar mota Kawu ya tsince shi, ɗan kwikwiyo kamar dunƙulen tsumma, yana rawar sanyi. Direbobi ne suka raɗa masa sunan, don ba ya taɓuka komai sai kwanciya a inuwa yana bin mai aiki da ido. Kullum da safe tare suke tahowa daga gida, Kawu na yi masa bayanin tsadar roba, shi kuma yana kaɗa wutsiya kamar ya gane. Inna ta ce hirar da ake yi da karen nan, ita tun tana amarya ba a yi da ita ba.

Matsalar daga buhu ta fara. Ranar da Kawu ya ji ana sayar da abincin karnuka a kantin abincin dabbobi, ya je ya tsaya ya ce, "Wanne ya fi girma?"

Mai kantin ya nuna.

"Wanne ya fi araha?"

"Shi ne dai, Baba."

"Ɗora mini."

Manaja ya shiga ci ba ƙoshi. A zuba masa kwano fal, ya share, ya ɗago kai kamar an yi masa alkawari an saɓa. Gashinsa ya dushe, ciki kuwa ya yi ta gaba, har ka ce da famfon Kawu aka hura shi. Direbobi suka fara tambaya ko a duba masa iska. Ana ta dariya, har safiyar da ya kai rabin hanya ƙafafunsa na baya suka ƙi. Ya zauna a tsakiyar titi yana haki. Kawu ya lallashe shi, ya yi masa faɗa, ya koma lallashi. Ƙarshe sai baro ya aro wurin masu gini ya turo shi.

A baron aka kai shi wurin likitar dabbobi, wata matashiya mai tabarau da saurin magana. Ta ɗora shi a sikeli, ta mammatsa gwiwoyinsa, ta ce, "Kawu, nauyin nan ya fi ƙarfin ƙafafunsa. In aka ci gaba a haka, ranar na nan zuwa da zai kwanta bai ƙara tashi ba. Me yake ci?"

Kawu ya ciro ɗan abincin daga aljihu. Ta murje shi a tafin hannu ta sansana.

"Wannan ai dusa ce aka shafa wa ƙamshin nama. Ba sai ka sayi mai tsada ba, na tsakiya ya isa. Ka sa a karanta maka bayan buhun, abin da aka fara rubutawa ya zama nama ko kifi. Kaɗan yake ci ya ƙoshi, buhun ma sai ya fi daɗewa. Ka haɗa masa da tsohon a hankali kafin ya saba. Ban da albasa, ban da ƙashin kaza. Kuma don Allah ku riƙa rage masa abinci."

Tun daga "bai ƙara tashi ba" hankalin Kawu ya bar ɗakin. Ya dai riƙe maganar buhu, ya saya yana cije leɓe. Sai kuma ta ƙarshen, wadda ya ɗauko da zafinta ya kawo gida.

"Likita ta ce kowa ya riƙa rage wa Manaja abinci."

Inna ta ajiye ludayi. "Rage masa kamar yaya, Malam?"

"Kamar yadda kika ji. In kin ci, ki rage."

"Kai da ko ƙanzo ba ka bari a kwano?"

"Maganar asibiti ce. Ba a musu da ita."

Kafin rana ta faɗi labari ya gama layi, kuma ban san wa ya yaɗa shi ba. Mutanen layinmu akwai tausayi. Mai wanki da guga ya fara ajiye gefen burodinsa. Mai kantin magani ya ce lallai ƙarancin jini ne, ya riƙa rago shinkafa. Matar da ke da gidan abinci a kwana ta ware bokiti guda. Goggo kuwa, yayar Kawu, da ba ta taɓa kiran karen da sunansa ba sai "wancan abin", ita ce ta riƙa aiko da kwano a rufe, har da faranti a kai. In ka ga Manaja da rana a lokacin, kwanuka sun kewaye shi kamar mai karɓar gaisuwa.

Shi Kawu da gaske yake yi. Ya raba abincinsa biyu, ya ci rabi, ya miƙa rabi. Wuyansa ya fara tsawo, wandonsa sai da ya ƙara masa igiyar tiyub. Kare na kumbura, mai kare na sacewa. Manaja ya daina ko gwada takawa, baro ya zama motar ofis. Da safe in Kawu ya turo shi ba ya hirar roba, sai dai ya yi ta kallon ƙafafun nan da ke lilo a gefe.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, Inna ta yafa mayafi ta ce da ita za a je, tana so ta ga likitar da ke ramar mata da miji. Mutum biyu suka ɗaga Manaja zuwa sikeli. Likita ta duba, ta cire tabarau ta goge, ta sake dubawa.

"Kawu, ba na ce ku rage masa abinci ba?"

"Ai shi muke yi, 'yata."

"A'a. Cewa na yi ku rage masa."

"Wallahi kullum sai mun rage masa. Ni rabin kwanona nake rage masa. Tambayi Inna."

"Har da maƙwabta," in ji Inna. "Layi guda ke rage masa."

Likita ta kalli karen, ta kalli wuyan Kawu. Sai ta nemi kujera ta zauna, ta rufe fuska da hannu, dariya na cinta. Inna ce ta fara ganewa. Ta juyo a hankali.

"Malam, ragewa ake nufi. A rage yawansa. Ba saura ba."

"To ai da sai a ce a rage masa," in ji Kawu. Ya tsaya, ya maimaita maganar a bakinsa, ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya.

Likita ta share ido ta ɗauko wani kofin roba, ta ja masa layi da biro. "Iya nan, safe da yamma. Inna, ke na ba wa, ba shi ba. In kuna son ƙari, dafaffen ƙwai jefi-jefi, ko kabewa da karas, ko kifi in an cire ƙaya. Kwanukan layi kuma a sallame su."

Sallamar ce aiki. Kawu ya bi shago-shago yana ba da haƙuri kamar mai fasa biki. Goggo ta ce ita aka raina, abincin da ta raini Kawun da shi yau kare ya fi ƙarfinsa. Sai da Inna ta naɗa ta mai kula da kabewa sannan ta sauko. Manaja kuwa ya yi fushi da kowa. In an ajiye masa abin kofin nan sai ya kalle shi, ya kalli Inna, ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke daga muƙami. Inna ko gezau. Kawu ne ba ya iya kallo, sai ya juya baya ya kama tsoma tiyub ɗin da ba shi da huji.

A hankali gashi ya dawo da sheƙi, ƙugu ya fito. Buhun na tsakiya ya ƙi ƙarewa, har Kawu ya fara tare direbobi yana yi musu wa'azin karanta bayan buhu, har waɗanda ko kyanwa ba su da ita.

Wata safiya ya kawo baro ƙofar gida kamar kullum. Manaja ya sansana shi, ya kewaye shi, ya kama hanya da ƙafarsa. Yana ɗan ɗingishi, ya tsaya ya huta a gaban gidan abinci, inda aka yi saurin ɓoye bokiti, amma bai zauna ba sai a rumfa. Kawu na biye da baro ba kowa a ciki, yana ta washe baki. Masu gini suka hango shi suka ce tunda mara lafiya ya warke, a dawo musu da kayansu, su ma aikinsu ya kwanta.