Ranar da Na Yi wa Teku Katanga

Har yau ban manta da ranar da aka sa ni na yi wa teku katanga ba. Ku yaran ofis da kuka zo bayanmu kun ji labarin gutsi-gutsi, kowa da gishirin da ya ƙara, don haka bari ku ji shi daga bakin mai shi.

Ni kafinta ne. Bokona aji uku ne, na ukun ma na fi yin sa a kan bishiyar mangwaron bayan makaranta. Aikina a ofishinmu na masu zanen gine-gine a Funtua shi ne haɗa samfuri. Ga wanda bai sani ba: akitek yakan zana gini a kwamfuta, a buga a manyan takardu, amma yawancin masu kuɗinmu in ka shimfiɗa musu takardar, a juye suke riƙe ta suna cewa ta yi kyau. Sai a ba ni awo, in tayar da ginin ɗan ƙarami da kwali da gam a kan allon katako, mutum ya zagaya ya gani da idonsa. A tsarin ofis akwai Oga mai sa hannu da hatimi, sai akitek biyu, sai masu kwamfuta, sai direba, sai ni. Masinja ma yakan ce ya fi ni, don shi yana da kujera.

A shekarar, wani Alhaji Mamman, babban ɗan kasuwar hatsi a Malumfashi, ya sayi fili a bakin teku can kudu, inda tirelolinsa ke kai masara. Ya ce otal yake so, da wurin shaƙatawa a kan yashi. Oga ya ba Rabi aikin. Rabi 'yar Bakori ce, ƙaramar akitek ɗinmu, tun da ta zo ba abin da ake ba ta sai jerin shaguna da gidan mai. A gabana Oga ya ce mata, in Alhaji ya amince da zanen, sunanta ne a kai, ita za ta je duba ginin. In ya watse, babban akitek ya karɓa, ita ta koma shagunanta.

Ta je ta ga filin, ta dawo ta yi baƙi, ta zauna ta zana. Ni ma da ban san komai ba na ga abin ya yi. Ginin dogo ne siriri, an ɗaga shi daga ƙasa a kan ginshiƙai, an ja shi baya nesa da ruwa, don ta ce teku na cin gaɓa. Kowane ɗaki yana da baranda da babbar taga mai kallon ruwa, da wata ta baya, iska ta shiga ta fita ko an ɗauke wuta. Rufin mai gangara ne sosai saboda ruwan can ba ya jin magana. Ta rage ƙarfe a waje, wai gishirin iska na cinye shi. A gaba kuma rumfunan ciyawa, wurin gashin kifi, da gadajen da mutum zai biya kuɗi ya kwanta a rana. Wannan na ƙarshen na tambaye ta har sau biyu, ta ce haka ne. Na ce a garinmu Gozaki kyauta muke samu, har da fartanya.

Na yi bishiyoyin kwakwa da tsinken tsintsiya da gashin zakara. Yashi na ɗebo a rafi na tankaɗe. Teku ne ya ba ni wahala, don ban taɓa ganinsa ba. Na samo shuɗiyar leda na yamutsa, na ɗora gilashi a kai. Rabi ta duba ta ce, “Baba Bukar, ka yi ƙoƙari.” Na san abin da wannan ke nufi.

Wata Asabar, bayan an cire masara, muka kai samfurin Malumfashi, ina rungume da shi a bayan mota. Rabi ta yi bayani, Alhaji ya ji daɗi, amma bai amince nan take ba. Ya ce a bar abin a zaurensa mako guda, jama'a su sa albarka. Aka bar ni gadi, da gam ɗina da almakashi. Oga ya kira ni a waya ya ce, “Duk abin da Alhaji ya ce, ka yi.”

Albarkar mutanenmu kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, da shawara take tafe. Wani ya ce a ƙara wa masallacin otal ɗin faɗi, na ƙara. Wani ya tausaya wa masu kwanciya a rana, na yi musu rumfa. Wani ya tambayi inda za a ɗaure rago, na kafa turke da ashana. Duk waɗannan ƙanana ne, da farce ake cire su.

Ranar Laraba sai ga Baffa Sambo, wan mahaifin Alhaji, wanda ya riƙe shi tun yana maraya. Tsoho ne dogo, Bafulatani, daga wani ƙauye a yankin Gozaki. Ni kuwa kakana Babarbare ne, don haka akwai wasa tsakaninmu. Yana ganina ya ce, “Wa ya bar Babarbare da kayan mutane? A ƙirga kwalayen.” Na ce, “Baffa, nono ake ɓoyewa in ka shigo, ba kwali ba.”

Ya tsaya kan samfurin ya daɗe. Sannan ya kwantar da sandarsa tsakanin otal da ledata, ya ce, “A yi katanga nan. Mai tsayi. Daga wannan kusurwa zuwa waccan.”

Alhaji ya ce, “An gama, Baffa.”

Na yanka kwali na manna. Teku ya ɓace.

Da aka watse, Alhaji ya tsaya yana kallon katangar kamar an ce masa farashin masara ya karye. Ya ce, “Malam Bukar, wa zai bar gidansa ya je ya biya kuɗi don ya kalli bulo?” Na ce to ya faɗa wa Baffa mana. Ya ce, “Mutumin da ya yi mini kaciya ya yi mini aure? Tun da nake ban taɓa ce masa don me ba.” A nan matsalar take. A wurinmu ba a tambayar babba dalili. Kowa a zauren ya riga ya yanke a ransa cewa tsiraicin masu wanka Baffa yake son rufewa, kowa ya gyaɗa kai, aka wuce wurin.

Asabar ta zagayo, Rabi ta dawo don jin amsa. Zaure ya cika. Ta durƙusa ta gaida manya, ta ɗago ta ga katanga. Sai ta dube ni. Na shiga gyaran wata kwakwa da ba abin da ya same ta.

Ta matso kusa ta ce a hankali, “Baba Bukar, ba zan sa sunana a kan wannan ba.” Na ce, “To shaguna na jiran ki.” Ta ce ta sani.

Dabara ta yi, tunda ba za ta iya musu da tsoho ba. Ta ce, “Baffa, don Allah a duba mana ko tsayin ya isa. A leƙa ta tagar ɗakin nan, yadda baƙo zai gani.” Tunaninta in ya ga ba komai sai bango, shi da kansa zai ce a rushe. Aka kama Baffa ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya ya leƙa. Ya miƙe ya ce, “Madalla, 'yata. Ba a ganin ko ɗigo. Allah Ya yi albarka.”

Rabi ta fara naɗe takardunta. Alhaji ya zuba wa tabarma ido.

Ni kuma bakina ba ya son shiru, shi ya hana ni arziki. Ban yi don taimakon kowa ba, zolaya ce kawai ta taso mini. Na ce, “Baffa, faɗi gaskiya, ba tsiraici ba ne. Tsoron ruwa ne irin naku. Bafulatani ya ga leda ya nemi katanga. Da na sa ruwan gaske a kwano, da yanzu kana Kafur da gudu.”

Zaure ya yi dariya. Na jira ramuwa, don Baffa ba ya barin bashi. Bai rama ba. Ya zauna, ya ɗora sandar a cinya.

Ya ce, “Tsoron ruwa ne, Babarbare. Ka faɗi daidai.” Ya ce lokacin da yake saurayin magidanci sun sauka da shanu a bakin wani gulbi. Yana da ɗiya da ta fara tafiya. Uwar ta juya ta sauke tukunya, shi yana ɗaure maraƙi, kowannensu na zaton tana wurin ɗan'uwansa. Bayan kwana biyu masunta suka kawo ta. Ya nuna ƙofofin otal da sanda, ya ce, “Ga ƙofa, ga yashi, ga ruwa, ba abin da ya tsare. Mutanen da za su zo nan hutawa za su zo yi. Mai hutawa ba ya duba yaro.”

Alhaji ya ce, “Baffa, ban taɓa jin wannan ba.”

Baffa ya ce, “Ba a haife ka ba. Kuma ba wanda ya tambaya.”

Na nemi inda zan sa fuskata na rasa, sai na riƙe kwalbar gam da hannu biyu.

Rabi ta ajiye takardun. Ta ce, “Baffa, Allah Ya sa mai ceto ce. Ina tsayinta ya kai?” Ya miƙa tafin hannu daidai gwiwarsa, ya ɗan ɗaga sama. Ta karɓi almakashina, karo na farko da wani akitek ya taɓa shi, ta yanke katangar ta bar ta iya ƙirjin babba. Ta ce za a yi ta sumul, ba wurin taka ƙafa a hau. Ƙofa biyu kacal, masu rufe kansu, sakata can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, kowace da mai tsaro. Sannan a cikin katangar, ta ɓangaren otal, ta zana ɗan wurin wasan ruwa na yara, iya idon sawu, a gaban inda iyaye ke zama. Ta ce a gaban kowa ita ba ta yi tunanin wannan ba, hankalinta na kan tagogi.

Baffa ya ce, “Akuya za ta iya tsallakawa?”

Ta ce, “Akuya za ta iya. Yaro ba zai iya ba.”

Ya ce, “To ku yi. Akuyar ta Babarbare ce, ta tafi.”

A ranar Alhaji ya amince. Oga ya buga hatimi ranar Litinin, sunan Rabi a ƙasan takarda. Ita ta je ta tsaya kan ginin har aka gama. Rumfar masu kwanciya a rana da turken rago ba su kai kudu ba, a aljihuna suka ƙare.

Abin da na koya shi ne, a sana'armu mutum ba ya zuwa da abin da ke damunsa a baki. Ya ce katanga, ya ce ƙaramar taga, ya ce a mayar da ƙofa can, amma akwai abin da ke bayan maganar, kuma shi ne ainihin awon. Mu kuma an yi mana tarbiyyar da ta hana mu tambaya, sai mu yi biyayya muna gunaguni, ko mu yi dabara a ɓoye. Ba na ce ku je ku zolayi tsofaffin mutane ba. Ni na yi, kuma ban sake iya tsokanar Baffa da ruwa ba har ya rasu. Amma in mai gini ya ce muku a toshe nan, kafin ku yanka kwali, ku durƙusa, ku sassauta murya, ku ce masa: me ake tsoro ta nan?