Taguwar Baba da Kwandon Lemo

Ƙanshin ɓawon lemo ne ya tuno mini. Ina fere wa yara lemon shan ruwa, ranar goma ga azumin bana, sai autata ta shigo tana tura baki. Wai ciyaman na estate, wato rukunin gidajenmu, nan kusa da Tungan Maje, ya manna takarda a bakin get: an hana tashe, don bara ne. Na ajiye wuƙa na je na karanta da idona. Ai shi ya sa na zauna ajin yaƙi da jahilci da goyo a bayana, don kada wani ya karanta mini ya rage ko ya ƙara. Haka kuwa aka rubuta. Bara.

Ni a Zuba na tashi, bayan kasuwar 'ya'yan itace. Babana mutumin Zariya ne, lemo yake sarowa kwando-kwando, har bangon gidanmu ƙanshinsa yake. Kakata, mahaifiyarsa, ita ke shirya 'yan matan layinmu. In azumi ya kai goma sai ta fito da tsofaffin zannuwa, ta shafa wa wannan toka a ka ta zama tsohuwa, ta cusa wa waccan tsumma a ciki. Ƙwaryar kiɗan kuwa ta maƙwabciyarmu ce, 'yar Gbagyi, Kirista. A kafaɗa take ɗauko ta, ba sai an roƙa ba. In Kirsimeti ta zo, 'ya'yanta su ma su tsaya ƙofarmu da waƙa, Kaka ta cika musu hannu da lemo.

Doka ɗaya Kaka ta kafa mana: ba a karɓa sai an gama wasa. "Mai bara hannu yake fara miƙawa," in ji ta. "Ku kuwa aiki za ku yi, a ba ku ladan gajiya."

Shekarar da na kai tara, wadda ita ce ta farko da zan fita, Baba ya ce ba da 'yarsa ba. Ya fara samun rufin asiri a kasuwa, wai ba za a gan ni ƙofar mutane ana jefa mini sisi ba. Na yi kuka har na kasa shan kunu. Kaka taɓe baki kawai ta yi.

Washegari, yana fita asham, ta kira ni ɗaki. Ta zura mini tsohuwar taguwarsa, ta kifa mini hularsa, ta zana mini gashin baki da baƙin tukunya. Sannan ta ɗauko ɗan kwando, ta zuba ruɓaɓɓen lemo a ƙasa, ta jera manya masu kyau a sama. Ta koya mini yadda Baba ke dafa ƙirji in mai saye ta zo: "Hajiya, har ƙasa haka yake, zuma ne!"

Muka zaga gida-gida, ƙawata tana Hajiya mai saye, sauran na kiɗan ƙwarya. Ƙofar ƙarshe tamu ce. Baba na zaune a tabarma da abokan kasuwarsa. Na dafa ƙirji na faɗi maganar. Ƙawata ta kifar da kwandon, wani ruɓaɓɓe ya gangara har ƙafar Baba. Mutanen nan suka fashe da dariya, ɗaya har da tari.

"Alhaji, wallahi kai ne! Har ɗaga girar!"

Ka san al'adar, ba a fushi da ɗan tashe, ko me ya kwaikwaya. Baba ya waiwaya zaure, inda Kaka ke tsaye.

"Inna, aikinki ne ko?"

"Ni tsohuwa me na sani? Sallami yarinya, ta yi aiki."

Ya sa hannu a aljihu. Ban ce ya daina jera manya a sama ba, kasuwa kasuwa ce. Amma har ya koma ga Allah bai sake kiran tashe bara ba.

To yanzu fa? Makarantar da autata ke zuwa, duk shekara sai an aiko a saya mata kayan dodanni na Turawa, su bi aji-aji suna karɓar alewa. Wannan wayewa ce. Namu da ke gaya wa babba gaskiya yana dariya, shi ne bara.

Ni ba mai hayaniya ba ce, kowa ya sani. Na dawo na ƙarasa fere lemona. Bayan asham na ɗaura wa autata filo a ciki, na ba ta tarin makullai da tsohuwar waya, ga ciyaman sak. Yaran maƙwabta huɗu suka biyo mu, robar wanki ta maye gurbin ƙwarya.

A gidan ciyaman, mai gadi ya leƙo da kuɗi a hannu. "Madam, oga ya ce ku karɓa ku tafi, ba ya son surutu."

Autata ta miƙa hannu, na riƙe shi.

"Mayar masa," na ce. "Ba mu karɓa sai mun yi wasa."

Muka yi wa rufaffen get wasanmu tun daga farko har ƙarshe. Yarinyar nan ta turo ciki, tana kaɗa makullai, tana ihu a waya: "Wa ya ba ku izinin numfashi a estate ɗina?" Daga bene wata mace ta tuntsire da dariya, aka yi maza aka ja labule.

Ba a ba mu ko sisi ba. A hanya autata ta ce, "Mama, to mun yi a banza kenan?"

Na ce mata ta adana filon. Azumi da saura, ƙofar ma tana nan.